Shin motar haya za ta yi mini amfani a Oxford?

Tambaya: Ni da iyalina za mu yi kwana huɗu a Oxford, ƙasar Ingila, kuma muna so mu ga jami'ar da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Shin ya dace in karɓi motar haya tun daga filin jirgin sama in riƙe ta har ranar komawa?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka raba tafiyar gida biyu: kwana biyu na farko ba tare da mota ba, sauran biyun kuma da mota. Tsakiyar Oxford ta girmi mota da ɗaruruwan shekaru, domin ana karatu a garin tun wajen shekarar 1096, kuma jami'ar ta bunƙasa daga 1167 lokacin da Sarki Henry na Biyu ya hana ɗaliban Ingila zuwa karatu Paris. Ba ta da haraba guda ɗaya da za ka shiga ka ajiye mota. Kwalejojinta sun warwatsu cikin lunguna, kuma daga ɗakin karatu na Bodleian, wanda aka buɗe a 1602, zuwa gidan tarihi na Ashmolean, da ake shiga kyauta, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

Hukumomin garin ma ba sa maraba da mota a can. An hana ƙananan motoci ratsa wani ɓangare na babban titin garin, High Street, da rana, akwai kyamarori masu ɗaukar lamba, kuma tun Fabrairun 2022 ake cajin motocin fetur da dizal kuɗi a wasu titunan tsakiya. Idan ka yi kuskure, takardar tara kamfanin haya za ta samu, shi kuma ya ciri ladan aikinsa daga katinka. Saboda haka ka hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan, tafiyar kusan awa ɗaya ce. In kuwa dole sai ka zo da mota, ka bar ta a ɗaya daga filayen Park and Ride na bakin gari, kamar Thornhill ko Redbridge, ka shiga bas.

A rana ta uku ne motar za ta biya kuɗinta. Ka fara da fadar Blenheim da ke Woodstock, kimanin mil 8 arewa maso yamma da gari, inda aka haifi Winston Churchill, tsohon Firayim Ministan Birtaniya, a 1874. Kada ka yi mata gaggawa, filayenta da tafkinta kaɗai sun isa su cinye rabin yini. Washegari ka bi titin A40 yamma zuwa Burford, ƙofar yankin Cotswolds, inda babban titi ke gangarowa daga tudu zuwa kogin Windrush tsakanin gidajen dutse masu launin zuma, waɗanda arzikin cinikin ulu ya gina. Ƙauyukan Bibury da Bourton-on-the-Water ba su da nisa, amma ka isa da sassafe, kafin manyan motocin masu yawon buɗe ido su cika wurin.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne yanayin hanyoyin ƙauye. A hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama, kuma a shataletale mai zuwa daga damanka ne ke da hanya. Allunan gudu da mil suke: iyaka mil 60 ce a awa kan hanyar karkara, amma wannan ba umarni ba ne, domin wata hanyar faɗin mota ɗaya gare ta, shinge ya rufe kwana, kuma kana iya yin kiciɓis da tarakta ko mahayin doki. Idan kuka haɗu da wata mota, wanda ya fi kusa da ɗan wurin raɓewa shi ke ja da baya, ɗayan kuma ya ɗaga masa hannu alamar godiya.

Ka zaɓi ƙaramar mota, ka kuma nemi mai canza giya da kanta tun wurin yin rajista, saboda yawancin masu araha na giyar hannu ne, kuma da hannun hagu ake sa ta. Baƙo na iya tuƙi da ingantaccen lasisin ƙasarsa har wata 12, sai dai ka tambayi kamfanin ko yana buƙatar lasisin ƙasa da ƙasa. Kafin ka bar wurinsu, ka karanta adadin da za ka biya daga aljihunka idan motar ta samu rauni, sannan ka ɗauki hoton kowane gefe nata, har da tayoyi da gilashi.