Yadda aka hana baƙaƙen fata zaɓe a jihohin kudancin Amurka

Malam, ka tambaya: tunda gyaran tsarin mulki na 15 ya ba baƙaƙen fata ƴancin zaɓe tun 1870, ta yaya aka hana su jefa ƙuri'a a farkon ƙarni na 20? Yawancin dokokin ko launin fata ba su ambata ba. Shingaye aka jera, kowanne da rigar doka.

Akwai harajin zaɓe. Tsarin mulkin Alabama na 1901 ya sa dala 1.50 a shekara, kuma bashin taruwa yake yi: wanda ya yi shekara 10 bai biya ba sai ya kawo dala 15. Manomin audugar da ke noma gonar wani a raba amfani, sau ɗaya a shekara yake ganin kuɗi, ga bashin mai gona a wuyansa, ina zai samo? A Misisipi dala 2 ce, kuma sai ka nuna rasidin shekara biyu da suka gabata.

Amma inda zaluncin ya fi muni shi ne gwajin karatu. Mai rajista zai buɗe wani sashe na tsarin mulkin jiha, ya ce ka karanta ko ka bayyana ma'anarsa, kuma shi kaɗai ke cewa ka ci ko ka faɗi. Malamin makaranta ma yana iya faɗuwa idan baƙi ne. Don kada tarkon ya kama talakawan Turawa marasa karatu, a 1898 Luwiziyana ta yafe gwajin ga duk wanda shi, ko ubansa, ko kakansa ke da ƴancin zaɓe kafin 1867. Jikan bawa kuwa babu irin wannan kaka. Baƙaƙen da ke da rajista a jihar sun haura 130,000 a 1896; a 1904 saura 1,342.

Da Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin wannan sharaɗi na kaka a jihar Oklahoma a 1915, sai jihar ta ba waɗanda aka hana a baya kwana 12 kacal su yi rajista a 1916, wanda ya makara ya rasa har abada. Sai 1939 aka soke wannan ma.

Tekzas ba ta ɓoye ba: a 1923 ta haramta wa baƙaƙe zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat, alhali a kudu wanda ya ci fidda gwanin ya gama cin zaɓe. Wanda ya tsallake duk wannan kuma, bindiga ke jiransa. A garin Okoyi na Fulorida, ranar zaɓen 1920, an kashe baƙaƙen fata, an ƙone gidajensu da cocinsu saboda wasunsu sun je rumfar zaɓe.