Filin Tambaya da Amsa: ENet da Fakitocin da Suka Ƙi Isa

Wasiƙun wannan wata sun taru ne a kan ENet, ƙaramin laburaren nan na yaren C da Lee Salzman ya rubuta domin wasan Cube, wanda yau ake samunsa a cikin Godot da LÖVE, manhajojin haɗa wasanni, da Dolphin, manhajar da ke kwaikwayon na'urorin wasa. Aikinsa aika fakitoci, wato ƙananan ƙunshin bayanai, tsakanin kwamfutoci a kan UDP, hanyar aika bayanai da ba ta tabbatar da isarsu, tare da ƙara zaɓin tabbatar da isar. Mun ɗauko biyar daga cikin wasiƙun.

Assalamu alaikum, Malam. Na kira enet_host_connect, na haɗa fakiti, na kira enet_peer_send nan take. Babu wani kuskure da ya fito, amma uwar garke ba ta ga komai ba. Ina matsalar take? (Ɗalibi daga Zariya)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren ya fito, kai ne ba ka duba ba. Da ka kalli abin da enet_peer_send ya mayar maka, da ka ga -1. Yana mayar da wannan lambar duk lokacin da aka ba shi fakiti alhali haɗin bai ƙullu ba tukuna.

Abin da ke rikita sababbin shiga shi ne ENet ba ya motsi da kansa. Ba shi da wani zare (thread), wato reshen manhaja mai gudana da kansa, da ke aiki a ɓoye. Kiran enet_host_connect bai haɗa ka da kowa ba, ya dai ware maka gurbi ɗaya na takwara, wato kwamfutar da za ka haɗu da ita, ya ajiye saƙon sallama a layin fita. Sallamar ba za ta bar kwamfutarka ba sai ka kira enet_host_service ko enet_host_flush. Amsar da uwar garke za ta maido ita ma tana nan jibge a soket, wato mashigar da bayanai ke bi su shiga manhajarka, har sai ka kira enet_host_service ya karanto ta.

Ga yadda tsarin yake tun daga tushe. Da farko ka kira enet_initialize sau ɗaya tak, ka tabbata ya mayar da 0. A Windows wannan kiran ne ke tayar da Winsock, sashen sadarwa na Windows, kuma dole ka haɗa ws2_32 da winmm lokacin ginawa, in ba haka ba ginin ma ba zai kammala ba. Sai ka gina mai masauki (host), wato cibiyar da ke riƙe da haɗe-haɗenka, da enet_host_create, wanda ke karɓar abu biyar: adireshi, yawan takwarori, yawan layuka (channels) na jera saƙonni, saurin shigowa, saurin fita. Uwar garke tana ba da adireshi mai ENET_HOST_ANY da lambar ƙofa, misali 7777. Ɗan wasa kuwa NULL zai sa a wurin adireshi, takwara 1 ya ishe shi. Sifili a gurbin sauri na nufin ba a sa iyaka ba. Takwarori ba sa wuce 4095 a mai masauki ɗaya, layuka ba sa wuce 255.

Bayan enet_host_connect, jira. Kira enet_host_service da wa'adin milisakan 5000, ka duba ko abin da ya dawo ENET_EVENT_TYPE_CONNECT ne. Idan shi ne, bismillah, fara aikawa. Idan wa'adin ya cika shiru, kira enet_peer_reset ka mayar da gurbin, ka sanar da mai wasa cewa ba a samu uwar garke ba.

A cikin wasan kansa kuma, wa'adin ya koma 0, domin wasa mai firem 60 a daƙiƙa milisakan 16 da ɗoriya kawai yake da su a kowane zagaye, ba shi da na jira. Sai ka lura da wannan, don nan ne mutum na biyu ke faɗawa bayan ya tsallake ramin farko: kowane kira abu ɗaya tak yake miƙo maka. Wanda ya kira shi sau ɗaya a firem, alhali fakitoci 200 ke shigowa a daƙiƙa, 60 zai riƙa kwashewa, sauran su yi ta taruwa, wasan kuma ya yi ta ja baya minti bayan minti. Saka kiran a cikin while, ka ci gaba da kwasa muddin yana mayar da lamba sama da 0. Ya mayar da 0, babu saura. Ya mayar da ƙasa da 0, soket ya samu matsala.

Malam, barka da aiki. Wasana yana tafiya lafiya a gida, amma da zarar an hau datar waya sai 'yan wasa su daskare na ɗan lokaci, sannan su yi tsalle zuwa wani wuri. Duk fakitocina na sa musu ENET_PACKET_FLAG_RELIABLE don kada ko ɗaya ya ɓata. (Mai koyon haɗa wasanni daga Maraɗi)

Barka kadai, Malama. Tutar da kika sa don kariya ita ce ke daskarar da wasan. Kin ɗauki ENet kin mayar da shi TCP, hanyar da ke tilasta komai ya isa a jere, wato ainihin abin da aka ƙirƙire shi don a guje masa.

Fakiti mai tabbaci alkawari biyu yake ɗauke da su: zai isa, kuma zai isa a jere. Ki ɗauka kin aika na 41, 42, 43, 44, sai na 42 ya faɗi a hanya. Na 43 da na 44 sun iso, suna zaune a ma'adanar mai karɓa, amma ENet ba zai miƙa su ba har sai mai aikawa ya gaji da jiran shaidar karɓa ya sake turo na 42. Kamar layin famfo ne, mai bokitin gaba ta tafi neman murfi, an ce ba wanda zai ɗiba sai ta dawo. Wannan jiran shi ne daskarewar. Da na 42 ya iso sai ukun su zubo a tare, shi ne tsallen. A gida ba ki gani ba domin kebul ko Wi-Fi na ɗaki da wuya su yar da fakiti, datar waya kuwa tana yarwa, musamman da yamma in cunkoso ya yi yawa.

Tambayar da za ki yi wa kowane saƙo ita ce: in ya makara, yana da sauran amfani? Matsayin ɗan wasa da ake turawa sau 20 a daƙiƙa ba shi da shi, domin bayan milisakan 50 wani sabo ya maye gurbinsa. Irin wannan ki ba shi tuta 0. ENet zai aika shi sau ɗaya, in ya ɓata ya ɓata, in kuma tsoho ya iso bayan sabo sai a yar da tsohon. Saƙon hira, shigowar ɗan wasa, cin maki, ƙarshen zagaye, waɗannan su ne masu buƙatar tabbaci. Akwai ta uku, ENET_PACKET_FLAG_UNSEQUENCED, wadda ba ruwanta da jere sam. Amfaninta kaɗan ne, ba kuma a haɗa ta da tutar tabbaci.

Canza tuta kaɗai ba zai raba ki da matsalar ba, sai kin raba layuka. A cikin layi ɗaya, fakiti marar tabbaci da aka aika bayan mai tabbaci yana jiran wancan ya isa kafin a miƙa shi. Ke nan in saƙon hira ya ɓata a layi na 0, matsayin 'yan wasa da ke bayansa a layin ya tsaya cik, ko da tutarsu 0 ce. Kowane layi yana da nasa lissafin jere, ba ya jiran ɗan'uwansa. Ki sa matsayi a layi na 0, al'amuran wasa masu tabbaci a na 1, hira a na 2, manyan abubuwa irin taswira a na 3. Ki kuma tabbata ɓangarorin biyu sun nemi layuka huɗu, domin ƙaramin adadi ake ɗauka. Uwar garke ta ce biyu, ke kin ce huɗu, biyu za ki samu, aikawa a layi na 3 kuma -1 zai dawo miki.

Saura girma. Fakitin Ethernet bayit 1500 yake ɗauka, kan IPv4 ya ci 20, na UDP ya ci 8. ENet yana tsayawa wajen 1400 don ya bar sarari. Abin da ya fi haka sai ya yanka shi gunduwa-gunduwa, kuma ga tarkon: gunduwoyin masu tabbaci ne, ko da ke tuta 0 kika sa, sai fa in kin ƙara ENET_PACKET_FLAG_UNRELIABLE_FRAGMENT. Wasa mai 'yan wasa huɗu yana tafiya sumul, a kai goma sha biyu sai fakitin matsayi ya haura iyaka, daskarewa ta dawo ba tare da an taɓa ko layi ɗaya na kod ba. Ita ma tutar ba magani ba ce sosai, tunda gunduwa ɗaya ta ɓata duka fakitin ya tafi. Gara ki riƙe fakitin matsayi ƙasa da bayit 1200. Ki rage ƙiba: kusurwar juyawa ba ta buƙatar bayit 4, biyu sun isa, wanda bai motsa ba kuma ba sai an faɗi inda yake a kowane zagaye ba.

Malam, uwar garkena tana cin memori a hankali har ta mutu bayan wasu awoyi. (Daga Garwa)

Fakitin da ya zo maka ta ENET_EVENT_TYPE_RECEIVE naka ne, kai za ka kira masa enet_packet_destroy bayan ka gama karantawa. Yi lissafi: 'yan wasa 8, kowa fakiti 30 a daƙiƙa, kowanne bayit 200, ya kama bayit 48,000 a daƙiƙa, sama da megabayit 170 a awa. Duba musamman wuraren da kake fita da wuri da break ko return saboda saƙon bai yi maka ba, can ake mantawa.

A wajen aikawa dokar ta juya. Da enet_peer_send ya mayar da 0, fakitin ya zama na ENet, shi zai share shi, in ka sake sharewa manhajar ta faɗi. In ya mayar da -1 kuma ba ka riga ka ba wani takwara shi ba, yana hannunka har yanzu. Haka abin da ka rataya a peer->data: ENet bai san da shi ba, ka 'yantar da shi lokacin ENET_EVENT_TYPE_DISCONNECT ka mayar da wurin NULL, domin gurbin za a ba wani baƙo.

Ranka ya daɗe, ni ina Kano abokina yana Kumasi. A Wi-Fi ɗaya komai na aiki, amma daga can ya kasa shigowa, alhali na tura masa adireshin IP ɗina. (Mai karatu daga Kano)

Tare da naka. Wane adireshin ka tura? In ya fara da 192.168 ko 10, na cikin gida ne, ba wanda zai same shi daga waje. Mai intanet na kebul ko na gilashi (fiber) da rautarsa ke da adireshin fili zai iya buɗe ƙofa a rautar ya nuna ta ga kwamfutarsa. Ya zaɓi UDP, domin da yawa TCP suke buɗewa su kwana suna mamaki. Ya kuma ba manhajar izini a katangar tsaron Windows.

In da MiFi ko datar waya kake, akwai yiwuwar wannan ba zai yi ba. Kamfanonin waya da dama suna tara dubban mutane a bayan adireshin fili ɗaya saboda ƙarancin adireshin IPv4. Shiga shafin rautarka ka duba adireshinta na waje. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, zangon da aka ware wa wannan aiki a 2012, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nuna maka, to akwai wata rauta ta kamfani a samanka wadda ba ka da makullinta.

ENet bai zo da maganin wannan ba. Dabarar da aka sani ita ce huda rami: ku biyun ku fara tuntuɓar wata ƙaramar uwar garke mai adireshin fili, ta gaya wa kowa adireshi da ƙofar da ta ga ɗayan ya fito ta ciki, sai ku aika wa juna a lokaci guda. Sharaɗin shi ne a yi duka da mai masauki ɗaya, domin sabon soket sabuwar ƙofa zai samu, ramin ya tashi a banza. Ko an yi daidai, rautar da ke canza ƙofa ga kowane sabon adireshi tana karya dabarar. IPv6, sabon tsarin adireshi da zai sauƙaƙa lamarin, ENet na asali bai san shi ba, adireshinsa bit 32 ne, sai dai kwafin da ke cikin Godot da wasu rassa. A ra'ayinmu, ga mutum biyu ko goma, hayar ƙaramar uwar garke mai adireshin fili kowa ya haɗu a can ya fi arha a kan makonnin da za a ɓata ana huda rami. A zaɓi wadda ke kusa, a gwada lokacin zuwa da dawowar saƙo da peer->roundTripTime kafin a biya kuɗin wata.

Malam, in netwok ɗin ɗan wasa ya ɗauke, sai ya daɗe tsaye a fili kamar gunki kafin a cire shi. Za a iya gaggauta abin? (Daga Damagaram)

Za a iya. UDP ba shi da sallamar tafiya, don haka ENet da shiru yake gane mutum ya tafi. Yana taɓa kowane takwara duk milisakan 500, in amsa ta ɗauke sai ya yi ta sake aikawa yana ninka jira, ba ya yanke hukunci kafin daƙiƙa 5, ba ya kuma wuce 30. Da enet_peer_timeout ake canza waɗannan. Kada dai a matse da yawa: wayar da ke sauka daga 4G zuwa 3G tana iya yin shiru na 'yan daƙiƙu ta dawo, wanda ya sa iyakar daƙiƙa 3 zai riƙa korar mutanen da ba su tafi ba. Tsakanin 10 da 15 ya fi dacewa, wasan kuma ya dushe hoton ɗan wasan da aka yi daƙiƙa 2 ba a ji ɗuriyarsa ba, tun kafin ENet ya ce komai.

Wani lokacin laifin ba na netwok ba ne. Manhajar da ta tsaya loda taswira ta daina kiran enet_host_service, a idon uwar garke ta mutu. A ci gaba da kiransa lokacin lodi, in kuma za a kai shi wani zare to a kai mai masaukin gaba ɗaya, domin zare biyu ba sa taɓa mai masauki ɗaya ba tare da kulle ba. Wanda zai fita da gangan kuma ya kira enet_peer_disconnect, ya ci gaba da zagaye har daƙiƙa 3 yana share fakitocin da ke shigowa har DISCONNECT ya zo, in bai zo ba ya yi enet_peer_reset. In akwai saƙon ƙarshe da dole ya isa, kamar sakamakon wasa, enet_peer_disconnect_later ake kira, shi ne ke jiran layin fita ya ƙare kafin ya yanke.