Tambayi Likita: Gudun Kilomita 21, Rigar Leda da Fitsari Mai Kalar Shayi

Assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin masu gudu na ware. Tun bayan tseren da aka yi a Kaduna a ƙarshen 2020, ga kuma na Legas da galibi ake yi a watan Fabrairu, samari da magidanta sun rungumi harkar, ana idar da sallar asuba za ka gan su a gefen kwalta. Ina murna da hakan ƙwarai. Sai dai akwai wasiƙa ɗaya a cikinsu da ta hana ni sukuni, a kanta zan fi daɗewa.

Likita, ina iya gudun kilomita 5 ba tsayawa. Wata nawa zan yi ina atisaye kafin in shiga rabin gudun fanfalaki? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Malam, ba wa kanka wata uku, in da hali huɗu. Tseren kilomita 21 ne da mita kusan 100, wato abin da kake yi yanzu sau huɗu da ɗoriya. Fita uku ko huɗu a mako sun isa. Ɗaya daga ciki ta zama doguwa, kana ƙara mata kilomita ɗaya ko ɗaya da rabi duk mako har ka kai 16 zuwa 18, sannan ka sassauta a mako biyun ƙarshe. Yawancin gudun ka yi shi a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. In ciwo ya zauna a wuri ɗaya a ƙwauri ko agara ya wuce mako, ka tsaya a duba ka.

Farcen babban yatsana ya yi baƙi bayan tseren kilomita 10.

Kambas ɗinka ya matse ka. Nemi wanda zai bar faɗin yatsa ɗaya a gaba, ka riƙa yanke farce. Kada ka huda shi da allura a gida, zai faɗi da kansa wani ya fito. In ya yi ruwa ko kana da ciwon suga, asibiti.

Likita, shekarata 27, ina Kano. Saura mako biyar tseren kilomita 21. Wani da ya riga mu fara gudu ya ce in riƙa saka rigar leda a ƙarƙashin kayana don kitse ya narke, kuma kada in sha ruwa sai na dawo gida domin jiki ya horu. Saboda ciwon cinya ina shan tramadol ɗaya da diclofenac biyu kafin in fita. Shekaranjiya na yi kilomita 17 da hantsi. Tun daga nan fitsarina ya koma kamar shayin da ba madara, kuma ɗan kaɗan yake fita, cinyoyina sun kumbura. Abokai sun ce dattin jiki ne ke fita. Haka ne?

Ɗana, ka ajiye wayar nan ka tafi asibiti yau. Kada ka bari sai gobe, kada ka tsaya a kemis. Ka je babban asibitin da ke da ɗakin gwaje-gwaje, ka faɗa wa likita duk abin da ka faɗa mini, har da tramadol ɗin, kada kunya ta sa ka ɓoye. Ka ce a auna maka aikin ƙoda da gishirin jini, a duba fitsari. Ka dawo ka karanta sauran bayanin daga baya.

Abin da ke fita a fitsarinka ba datti ba ne, naman jikinka ne. Idan aka wahalar da tsoka fiye da ƙima, ga zafi ga ƙishirwa, sai ta farfashe, wani jan sinadari da ke cikinta ya kwarara cikin jini. Ƙoda ce za ta tace shi. Hanyoyin tacewar ƙoda kuwa sun fi silin gashi siranta, in babu isasshen ruwan da zai wanke su sai sinadarin ya toshe su. Kalar shayin da ka gani ke nan, raguwar fitsarin kuma ita ta fi tayar mini da hankali, domin alama ce ƙodar ta fara gazawa. Tsokar da ta fashe tana kuma zubar da sinadarin fotasiyam, wanda in ya yi yawa a jini yana iya rikita bugun zuciya ba tare da wani gargaɗi ba. In aka zo da wuri, sau da yawa ƙarin ruwa na 'yan kwanaki yana warware matsalar. In aka makara, sai maganar wankin ƙoda, kuma kowa a garin nan ya san abin da wannan ke yi wa aljihun iyali.

Yanzu shawarwarin da aka ba ka. Wallahi maganar rigar leda tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gumi ba kitse ba ne, ruwa ne da gishiri. Ka hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa in ka dawo: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu, kuma kana sha nauyin zai dawo. Amfanin gumi shi ne ya bushe a fata ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Ka naɗe randa da leda ka ga ko ruwan zai yi sanyi. Abin da ka yi wa jikinka ke nan, a cikin ranar Kano.

Batun horar da jiki da ƙishirwa kuma, babu shi. Jiki yana sabawa da zafi a cikin mako ɗaya zuwa biyu in ana fita a hankali, amma ƙoda ba ta taɓa koyon aiki babu ruwa.

Diclofenac da ɗan'uwansa ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ga mai lafiya da ke zaune a gida na kwana biyu, yawanci ba matsala. Ga wanda ke gudu a rana, jininsa ya tafi ƙafafu da fata, ruwa ya ƙare a jikinsa, tamkar an shaƙe ƙodar ce ta wuri biyu. Shi kuwa tramadol, haba ɗana! Ciwo ai ɗan aike ne, yana zuwa ya ce maka tsaya. Ka rufe masa baki, ka ci gaba da gudu a kan tsokar da ke yagewa. Tramadol yana kawo jiri da amai, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba, kuma yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, a bisa takardar likita. Mai 225 da ke yawo a hannun samari ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Tun watan Janairun 2024 ma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. In ka riga ka saba da shi kullum, kada ka yanke dare ɗaya, ka faɗa wa likita a rage maka a hankali.

Na taɓa karɓar wani saurayi sa'arka da aka kawo a Keke Napep. Da muka yanke rigarsa da almakashi, ledar da ke ciki ta manne da fatarsa, gumi ya taru a ƙugunsa yana zuba a ƙasa kamar an karkata kofi. Jikinsa kamar garwashi, yana ta surutai yana kiran sunan wanda ba ya wurin. Abokansa sun ɓata kusan awa ɗaya a gindin bishiya suna cewa iska ce ta taɓa shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya sha jinya.

Don haka ku masu fita rukuni, ku riƙe wannan. In ɗayanku ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi, ku ɗauka zafi ne ya bugi ƙwaƙwalwarsa, zafin cikin jikinsa yana iya haura digiri 40. Ku kai shi inuwa, ku tuɓe masa kaya, ku yi ta kwarara masa ruwan sanyi kuna fifita, ku sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. A fara sanyayawa nan take, a ci gaba da yi a cikin mota har asibiti. Addu'a ku yi ta hannuwanku suna aiki. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa, kada a cusa masa cokali a baki in yana jijjiga. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Tseren mako biyar ɗin nan kuwa, ka haƙura da shi. Sai likitan da ya duba ka ya ce ƙodarka ta dawo daidai za a yi maganar komawa. Ina sake roƙonka, ka je yau.

To ruwa nawa ya kamata mu sha a ranar tsere?

Ku bi ƙishirwa. Kurɓi kaɗan a wuraren raba ruwa ya isa, kada ku shanye leda guda a kowane tebur. Yawan ruwa zalla shi ma yana tsinka gishirin jini, mutum ya kumbura, kansa ya yi ciwo, ya rikice. In gudun ya wuce awa ɗaya, a haɗa da ruwan gishiri da sukari ko dabino biyu-uku. Duk abin da ba ku gwada a atisaye ba kada ku fara shi ranar tsere, musamman gadagi da lemukan ƙara kuzari.

An ce gudu a kwalta yana cinye gwiwa.

Gudu daidai ƙima ba ya cinye lafiyayyar gwiwa. Ƙiba da tsohon rauni da gaggawar ƙara nisa su suka fi yi mata illa. In ta kumbura ko tana maƙalewa, a duba ta.

Likita, ni mace ce, ina gudu a filin makaranta da ƙawayena. Gwaggona ta ce mahaifata za ta zazzago, ba zan haihu ba.

'Yar'uwa, ki kwantar wa Gwaggo da hankali, gudu ba ya hana haihuwa, kuma kina iya yi ko kina al'ada. Ki zaɓi hijabi da kaya marasa kauri masu shan iska. Abu biyu ne za su sa ki zo asibiti: al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki, wanda yakan nuna abincinki bai kai wahalar da kike sha ba, ko yawan haki da kasala, a duba ko jininki ya yi ƙasa.

Zazzaɓi ya kama ni saura kwana huɗu tsere. Na biya kuɗin rajista da na mota. In na yi allura zan iya gudu? An ce ma gumi yana fitar da zazzaɓi.

A'a, ɗan'uwa. Gumi ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro, magani ke kashe ta. Ka je a gwada jininka tukuna, kada a yi ta soka maka allurai a kan zato. Maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuwa masu kai iska ga tsoka. Wasu zazzaɓin na mura kuma suna taɓa naman zuciya, gudu a kansu yana da haɗari sosai. Na san zafin asarar kuɗin, amma ka bari zazzaɓi ya sauka, ka gama magani, ƙarfinka ya dawo, sannan ka fara da tafiya. In ka koma ka ji ƙirji na ciwo ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ka tsaya ka nemi likita.

Shekarata 48, ina shan maganin hawan jini. Yarana sun shiga tseren kilomita 10, ina sha'awar bin su.

Alhaji, sha'awa ce mai kyau, motsa jiki yana taimaka wa hawan jini. Amma ka fara ganin likitanka a auna jinin, a duba suga, a yi gwajin bugun zuciya. Ka tambaye shi ko a cikin magungunanka akwai mai sa fitsari, domin yana ƙara ƙishirwa a rana. Kada ka tsallake magani ranar gudu. Ka fara da tafiya mai sauri na wasu makonni. Nauyi a ƙirji, ciwo mai gangarawa hannu ko muƙamuƙi, jiri, ko haki da ya wuce na kullum, ka tsaya nan take a kai ka asibiti, kada ka ce bari in ƙarasa.

Ni AS ne. An ce kada in yi gudu.

Kana iya yi, masu AS da yawa 'yan wasa ne. Sai dai zafi da ƙishirwa da gudun ƙure ƙarfi farat ɗaya sun fi yi muku haɗari. Ka hau a hankali, ka sha ruwa, abokan gudunka su san kai AS ne. In ƙafafu suka saki ko suka yi ciwon da ba ka saba ji ba, ka tsaya a kai ka asibiti. Mai SS kuwa, kada ya shiga dogon tsere sai da izinin likitansa.

Yaya atisaye da azumi?

Ka mayar da doguwar fita bayan buɗa-baki da kamar awa biyu, ko bayan tarawihi. Da rana ɗan sassarfa kaɗai, gab da magariba.

Ƙurar hunturu tana sa ni tari da shaƙewa in ina gudu.

Ranar da hazo ya yi kauri ka huta. In ƙirjinka yana fito kamar usur, ka je a duba ko asma ce, akwai maganin shaƙa da ake yi kafin a fita.

Kwiɓina yana suka in na yi nisa.

Rage sauri, danna wurin da hannu, ka fitar da numfashi mai tsawo. Ka bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci mai nauyi da gudu. In sukar ta haura ƙirji ko ba ta lafa ba bayan ka tsaya, ka zo mu gan ka.