Mai Hoto a Nima: Ya Ci Bashi Ya Sayi Duron?

Wani ƙanenmu mai shagon hoto a unguwar Nima ta birnin Accra, Ghana, ya aiko da tambaya. Ya ce waya ta cinye masa kasuwa, ba mai shigowa sai masu hoton fasfo. Yana sha'awar hotunan teku da tsaunuka, har yana tunanin cin bashi ya sayi duron, ƙaramin jirgin nan mai kyamara.

Ƙanena, dakata tukuna. Duron sai ka yi masa rajista a hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, ga Nima dab da filin jirgi, ba ko'ina za a bari ka tashe shi ba. Duk ranar da biki ya buƙace shi, ɗauko haya ka saka kuɗin a lissafin mai biki.

Hoton wuri zalla yana jawo suna, amma kuɗinsa jinkirin zuwa gare shi. Hoton mutum ne ke ciyar da gida. To, haɗa su. Ka fitar da ango da amarya daga gaban labulen shago, ka kai su harabar Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi haske ya kwanta a gefen fuska. Ka durƙusa ka ɗauko su daga ƙasa, hasumiya ta miƙe a bayansu. Ko unguwar Jamestown ta bakin teku, ga hasumiyar fitila mai ja da fari, ga kwale-kwalen masunta. A unguwar nan mai hoto ɗan Ghana James Barnor ya buɗe shagonsa Ever Young a farkon shekarun 1950, kuma bai tsaya cikin shago ba, ya bi mutane titi da kyamararsa. A 2021 aka baje hotunansa a Landan. Hazon Disamba ma kada ka raina shi, yana lulluɓe hayaniyar bayan mutum, fuska ta fito fes.

Wannan idon ne mai waya ba shi da shi, shi za ka sayar. Ka raba farashi biyu, na shago da na fita, kuɗin mota a cikin na fita. Rabin kuɗi ya shigo MoMo, asusun kuɗinka na waya, kafin ka ɗaga ƙafa, don bashin biki wuyar karɓa gare shi. Ka dage kan wanke hoto da saka shi a firam, ribar tana can. Kuma hoton matan mutane, kada ya hau Instagram ɗinka sai da izininsu.