Alamar da Ake Sa wa Jan Dutse

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji masu fasa jan dutse na dā sukan sa alama a saman kowane dutse kafin ya bar rami, magini kuma ba ya yarda ya kafa shi a tsaye, kana tambaya ko camfi ne. Wallahi ba camfi ba ne, sanin halin dutsen ne.

Asalin wannan dutse yashi ne. Ruwa ko iska ke kwaso shi su shimfiɗa, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne, ya daskare ya zama dutse. Jan da kake gani kuwa tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayoyin yashin, 'yar kaɗan ma ta isa ta rina tsauni guda. Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta wani tsohon jan dutse na Birtaniya ya kai shekara miliyan 400. Da irin dutsen nan Sarki Akbar na Indiya ya soma ganuwar birnin Agra a 1565, da shi aka kammala Jar Ganuwa ta Delhi a 1648, tsohon birnin Petra na Jodan kuwa a jikinsa aka sassaƙe gine-ginensa da yawa.

To, tunda hawa-hawa ya kwanta, ta nan yake tsagewa. Gwani ba ya kokawa da dutse. Zai share fuskarsa, ya bi layin da ido da yatsa, ya huda ramuka a jere, ya sa wejin ƙarfe a kowanne. Sai ya bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya dawo farko, yana kasa kunne. Da farko ƙarar tana fita tas. Da ta soma dusashewa ya san ciki ya buɗe, can sai ka ga siririyar tsaga ta haɗa ramukan kamar an ja zare. Mai gaggawa da ya narka wa weji ɗaya duka, ɓaraguzai zai kwasa.

A nan ake sa alamar, don in an sassaƙe dutsen ya yi sumul, ba kowane ido ke gane samansa ba. In magini ya kwantar da shi yadda Allah Ya kwantar da shi a ƙasa, nauyin gini ƙara matse shimfiɗun yake yi. In ya tayar da shi, shimfiɗar ta kalli waje, ruwa ya sami hanya, gishiri ya biyo, a ƙasashen sanyi ƙanƙara ta kumbura a ciki, sai fuskar ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Abin yana min ciwo, dutsen da zai yi shekaru ɗaruruwa a kashe shi da kuskuren yini ɗaya.

Wani abu da ba ka tambaya ba: sabon fitowa daga rami yana da danshi, ya fi daɗin sassaƙa, shi ya sa suke gyara shi nan take su bar shi ya sha iska kafin gini. Kuma da kwaɓin farar ƙasa suke haɗa shi, don tana barin danshi ya fita. Siminti ya fi dutsen tauri, yana tsare ruwa, sai ka tarar dutsen ya zaizaye ya lotsa, simintin na tsaye a kewaye.

In ka sami tsohon gini na jan dutse, matsa kusa ka duba layukan jikinsa, a kwance suke ko a tsaye, ka shafa wanda ya ɓare. Ka rubuto min abin da ka gani. Ka gaishe min da mahaifiyarka.