Likita Na Amsa Tambayoyinku: Wa Ya Kamata A Yi Wa Gwajin Cutar Siliyak?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata mai shekara 9 tana da ciwon sukari irin na yara, kuma shekara biyu ke nan ana yi mata allurar insulin. Abin da ke damuna shi ne ba ta girma kamar tsararrakinta, cikinta yana yawan kumbura, kuma an ce jininta ya yi ƙasa duk da maganin ƙarin jini da take sha. Yayata da ke aikin jinya ta ce in nemi a gwada ta cutar siliyak, wadda alkama ke tayarwa, don haka tun makon jiya na hana ta burodi da taliya. Shin ta cancanci gwajin? Ƙannenta biyu fa, su ma sai an gwada su? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya, ya kuma saka wa yayarki da alheri, domin shawarar da ta ba ki tana kan hanya. Kafin komai, ina roƙon ki mayar wa yarinyar burodinta da taliyarta daidai gwargwadon abin da tsarin abincinta na mai ciwon sukari ya yarda, har zuwa lokacin da za a kammala duk gwaje-gwajenta. Gwajin yana neman wasu sinadarai ne da garkuwar jiki ke ƙerawa lokacin da take faɗa da alkama, kuma idan aka janye alkamar sai sinadaran su yi ta raguwa, a yi gwaji a ce lafiya ƙalau alhali cutar tana nan. Wanda ya riga ya daɗe da barin alkama akan nemi ya koma cinta kullum na aƙalla mako 6 kafin a gwada shi.

Cutar siliyak ba ƙyamar abinci ba ce kawai. A cikin alkama da sha'ir akwai wani furotin mai suna gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana miƙewa a hannun mai gurasa. A jikin wasu mutane da suka gaji halin, garkuwar jiki takan ɗauki wannan furotin a matsayin abokin gaba, sai ta afka wa bangon ƙaramin hanji. Bangon nan a lulluɓe yake da 'yan tsirai ƙanana masu kama da gashin tawul, waɗanda ke tsotse amfanin abinci zuwa cikin jini. Idan suka lalace sai bangon ya zama sumul, mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki bai samu rabonsa ba. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da hannun alkama a ciki, kuma an lura a yunwar da ta auka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 cewa yara masu cutar sun samu sauƙi da burodi ya yi wuya, suka koma ciwo da burodi ya dawo.

A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita. An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne, har sai da wani bincike da aka buga a 1999 ya samu kashi 5.6 cikin 100 a tsakanin yaran Sahrawi, wato 'yan Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, mutanen da fulawar agaji ta zama babban abincinsu. Wannan ya kamata ya sa mu yi tunani a nan Kaduna. Kakanninmu sun rayu a kan gero da dawa da masara da acca, waɗanda babu gulutin a cikinsu, alkama kuwa sai ranar biki a yi alkaki ko funkaso. Yau yaro yana karyawa da shayi da burodi, a makaranta ya ci fanke da biskit, da rana Indomie, da dare tuwon semo, kuma hatta ɗanwake da yawa sai an zuba masa fulawa.

Duk da haka ba kowa ake yi wa gwajin ba. Italiya ta yi doka a 2023 ta tantance yaranta gaba ɗaya, amma yawancin ƙasashe suna zaɓar waɗanda haɗarinsu ya fi yawa ne, kuma 'yarki ta shiga sahun ta ƙofa uku. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato irin na yara da 'yarki ke da shi, ana so a gwada shi tun lokacin da aka gano ciwon ko da ba ya kukan ciki, saboda cututtukan biyu sun yi tarayya a ƙwayoyin gado, kuma idan sakamakon farko bai nuna komai ba a kan maimaita cikin shekara biyu, a sake a shekara ta biyar. Ga kuma tsayawar girma, ga ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani. A irin waɗannan yara wani lokaci alamar farko ita ce sukari ya riƙa faɗuwa bayan allura ba tare da dalili ba, domin abincin da aka yi lissafin insulin a kansa bai shiga jini yadda ya kamata ba.

Batun ƙannenta ya dogara ne ga sakamakonta. Idan aka tabbatar tana da cutar, to ke da mahaifinta da duk 'yan'uwanta na ciki ɗaya ya kamata a gwada ku, saboda kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa-kusa akan same su da ita, da yawansu kuma ba sa jin komai. Idan ba ta da ita, kuma yaran suna girma lafiya, babu buƙatar ɗawainiyar.

Sauran waɗanda ya dace a gwada sun haɗa da mai gudawa ko kumburin ciki da ya daɗe ba a gano dalilinsa ba, da mai ramewa ko gajiya marar ƙarewa, da mai gyambon baki da ke yawan dawowa, da wanda garkuwar jikinsa ta taɓa ƙullutun tayirod da ke wuya. Akan kuma yi la'akari da yara masu larurar Dawun ko Tana (Down da Turner, larurorin ƙwayoyin halitta da ake haihuwar yaro da su), da matashin da ƙashinsa ya yi rauni tun bai tsufa ba, da mai ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, da wanda gwajin hantarsa ke hawa babu ciwon hanta da aka sani. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne macen da ke yawan ɓari ko ta daɗe ba ta samu ciki ba, an yi duk bincike ba a ga komai ba, ana ta yi mata surutu a gidan miji, alhali ɗan jini kaɗan zai iya nuna inda matsalar take.

A ƙasarmu dole likita ya fara kawar da abubuwan da suka fi yawa, wato tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da sikila da ƙarancin abinci mai gina jiki da tarin fuka na hanji, domin kowannensu na iya kawo rama da ƙarancin jini. Kuskuren shi ne a tsaya a nan, a yi ta maimaita maganin tsutsa shekara da shekaru ga yaron da bai canza ba.

Sunan gwajin tTG-IgA, kuma ki nemi a auna jimillar IgA, wani sinadarin garkuwar jiki, tare da shi, saboda wasu an haife su da ƙarancin wannan sinadari, abin da kan sa sakamako ya fito babu komai bisa kuskure. Ki kai maganar asibitin da ke duba sukarinta, ko sashen yara na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su faɗa miki inda za a kai jinin. Idan ya nuna alama, yawanci akan zura siririn bututu mai kyamara ta baki a tsinko ɗan ƙanƙanin nama daga farkon hanji don tabbatarwa. Sai bayan wannan ne za a janye alkama gaba ɗaya har tsawon rayuwa, tare da masanin abinci da zai daidaita mata tuwon dawa da acca da wake da allurarta, kuma a lokacin ki riƙa lura da injin niƙa na unguwa, domin garin masarar da aka niƙa bayan alkama yana iya ɗauko ragowarta.