Kada Ka Ajiye Alli Tukuna

Ɗana, na karanta rubutun da ka aiko mini tare da takardar da ka haɗo, wadda a cikinta kake tambaya ko lokaci ya yi da za ka ajiye aikin koyarwa a firamare ka ba rubutu dukkan lokacinka, tunda a ganinka aji ne yake hana littafin nan kammaluwa. Amsata ita ce kada ka ajiye, aƙalla ba yanzu ba.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo, domin kai ma ka san ta. Tun daga shekarun 1980, lokacin da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kansu, marubucin Hausa shi ne yake biyan maɗaba'a kuɗin takarda da bango da ɗauri kafin ko kwabo ya shigo hannunsa, sannan ya ɗauki littafin ya kai wa masu shago, a nan kasuwar Wunti ta Bauchi ko a can Kano, su karɓa a kan sai an sayar, kuɗin kuma su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan har mutum ya manta adadin da yake bi. Yanzu da karatu ya koma waya, mutum ɗaya ne zai saya ya tura wa jama'ar da ba ka san iyakarta ba. Albashin nan da kake rainawa shi ne zai buga maka littafinka na farko.

Ka kuma dubi waɗanda suka share mana hanyar. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda daga gare ta ne ƙagaggun labaran Hausa na boko suka fara fitowa, malaman makaranta ne suka fi yin fice. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar, Abubakar Imam kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Ko da Imam ya koma rayuwa da alƙalami, ai edita ya zama a Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, wato yana da albashi a ƙarshen wata. Malam Sa'adu Zungur ma, wanda har gobe ake karanta waƙoƙinsa a jami'o'i, ya yi koyarwa a makarantar ma'aikatan lafiya a Zariya kafin ya dawo gida. Ba zan ɓoye maka ba, tsoron da kake ji yana da tushe, domin shi Tafawa Ɓalewa da siyasa ta ɗauke shi bai sake ba mu wani labarin ba. Amma nauyin ƙasa ne ya hau kansa, kai kuwa ana tashinku da azahar.

Abin da ya fi damuna yana cikin rubutun naka ne. Babi na biyu, inda malamai suke zaune a gindin darbejiya a ƙarshen wata kowa yana leƙa wayarsa ko albashi ya shigo, na karanta shi ba tare da na ɗaga biro na yi gyara ba. Hedimasta da yake karya alli gida biyu kafin ya raba wa malamai, da matar da take sayar da awara a bakin ƙofa tana rubuta bashin malaman a jikin kwali, da yadda malamin lissafi yake canza hanya idan ya hango ta, duk waɗannan ba a ƙirƙirarsu a ɗaki, sai wanda ya tsaya a wurin ya gani da idonsa. Ba ka ce mini mutanen nan suna cikin talauci ba, kuma ba ka buƙatar faɗa, domin kwalin nan ya riga ya faɗa.

To, sai na zo babi na biyar, inda ka kai labarin gidan wani attajiri a Abuja, nan take rubutun ya mutu a hannuna. Ka lissafa motoci da kujeru da fitilu kamar mai rubuta kayan lefe, amma ban ji ƙamshin gidan ba, ban san inda mai aiki yake tsayawa ba idan maigida yana cin abinci, kuma da Alhaji da matarsa da direbansa duk murya ɗaya suke magana da ita, muryar mai karanta jawabi a taro. Dalili kuwa a fili yake: makarantar ka san ta, gidan kuwa a fim ka gan shi. Idan ka bar aiki ka kulle kanka a ɗaki, babi irin na biyar ne zai yawaita, domin ka toshe inda na biyu yake ɓulɓulowa.

Batun lokaci kuwa, abin da na ga yana yi wa masu aiki irinka amfani shi ne rubutu bayan sallar asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, ko da shafi ɗaya ne, muddin dai ba a tsallake rana. Ka ajiye ƙaramin littafi a aljihu saboda maganganun da za ka tsinta a bakin yara da iyayensu, ka rubuta su yadda aka faɗe su, kada ka gyara musu Hausa ta koma ta Kano alhali a Bauchi suke. Dogon hutu ka bar shi domin bita, ka karanta kowane babi da ƙarfi a gaban wanda ba ya jin kunyarka, duk inda numfashinka ya sarƙe ko ya fara duba wayarsa, ka sa alama a wurin. Ka kuma kula da ƙugiyoyin haruffa, don na ga wurare da dama inda ka rubuta kasa kana nufin ƙasa, wanda ko kaɗan bai dace da malamin makaranta ba.

Shi kuma babi na biyar, shawarata ita ce ka dawo da Alhajin nan gida, ka mai da shi babban dillalin hatsi a kasuwar Muda Lawal, ka je ka zauna a rumfar irinsu ranar da ba ka da aji ka saurari yadda suke ciniki da yadda suke yi wa yaransu faɗa. Idan ka sake rubuta shi, ka kawo mini da hannunka wata Asabar bayan la'asar mu bi shi layi-layi. Ka gaishe da mutanen gida.